Adaka, jaki da kwalekwale: Yadda mutanen Timbuktu suka ceci littattafan kakanninsu

A ƙarshen watan Janairun 2013 wani labari ya karaɗe gidajen rediyon duniya, cewa mayaƙan da suka riƙe birnin Timbuktu na ƙasar Mali har wata goma sun cinna wa babbar cibiyar ajiye tsofaffin littattafai wuta kafin su tsere. Magajin garin ne ya fara shaida wa 'yan jarida daga Bamako. Masana tarihi suka shiga juyayi, ana ta cewa ilmin ɗaruruwan shekaru ya zama toka a dare ɗaya.

Bayan 'yan kwanaki sai zance ya sauya. Gaskiya ne an yi asara, domin littattafai kimanin 4,200 sun salwanta a cibiyar. Amma mafi yawan littattafan Timbuktu ba sa ma cikin garin a ranar. Tuni sun yi tafiyar kusan kilomita 1,000 zuwa Bamako, a ɓoye, cikin adakoki. Waɗanda suka kwashe su kuwa ba sojoji ba ne, ba kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ba. Masu kula da ɗakunan karatu ne na gado, da 'ya'yansu, da ƙannensu, da direbobi, da masu tuƙa jirgin ruwa, a ƙarƙashin wata ƙungiya da mutanen garin suka kafa wa kansu.

A nan gida idan aka ce "'yan sa-kai" abin da ke fara faɗo mana a rai shi ne masu bindigar toka da ke gadin ƙauye. To waɗannan ma sa-kai suka yi, sai dai abin da suka yi gadi takarda ce.

Me ke cikin takardun?

Ƙannena, kafin mu je ga labarin adakokin, ya kamata ku san irin garin da muke magana a kai. Timbuktu, wadda tsofaffinmu ke kira Tambutu, tana bakin hamadar Sahara, 'yan kilomitoci kaɗan daga kogin Kwara. A nan raƙuman da suka ɗauko gishiri daga hamada suke haɗuwa da jiragen ruwa masu ɗauke da hatsi da zinariya daga kudu. Inda kasuwa ta kafu kuwa malamai ba sa nisa. Bayan Sarki Mansa Musa ya dawo daga shahararren aikin Hajjinsa na 1324, an gina masallacin Jingarebar wajen shekarar 1327. Shi da masallatan Sankore da Sidi Yahya sun zama wuraren da ake ɗaukar karatu, irin yadda ake yi a zaurukan malamanmu, ɗalibi ya sauke littafi a gaban malami, malami ya rubuta masa ijaza. Wani matafiyi mai suna Hasan al-Wazzan, wanda Turawa suka sani da Leo Africanus, ya ziyarci garin a farkon ƙarni na 16, ya kuma ba da labarin cewa cinikin littattafai a can ya fi na sauran kayayyaki riba.

Littattafan duk rubutun hannu ne, da alƙalamin kara da tawada, warƙa-warƙa ba a ɗinke ba, a sa su cikin tadarishin fata a ɗaure. Akwai Alƙur'anai masu zayyana, da littattafan fiƙihu da tauhidi da nahawu da waƙe. Akwai na ilmin taurari, da lissafi, da magunguna. Mafi yawa da Larabci ne, wasu kuma da ajami cikin harsunan yankin kamar Fulatanci da Songhai da Tamashek. Sannan akwai takardun yau da kullum, waɗanda ni a wurina sun fi komai daɗin ji: wasiƙar ɗan kasuwa ga abokin cinikinsa, da shaidar bashi, da rabon gado, da fatawar alƙali a kan rigimar miji da mata. Irin waɗannan su ke nuna maka yadda talaka ya yi rayuwarsa, abin da tarihin sarakuna ba ya damuwa da shi.

Kada ku ɗauka labarin wasu mutane ne can nesa da ba ruwanmu da su. Kakan shahararren malamin nan Ahmad Baba ya koyar a Kano a ƙarshen ƙarni na 15. Shi kansa Ahmad Baba, wanda aka haifa a 1556 ya rasu a 1627, wajen shekarar 1615 ya amsa wasu tambayoyi da aka aiko masa daga Tuwat a kan bauta, a cikin amsar ya ambaci Kano da Katsina da Borno a jerin ƙasashen Musulmi waɗanda bai halatta a bautar da mutanensu ba. Haka kuma Bajamushen matafiyin nan Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasarmu da sunan Abdul Karim, a Gwandu ya sami kwafin Tarikh al-Sudan a 1853, wato babban littafin tarihin Timbuktu da daular Songhai, tun kafin ƙafarsa ta taka Timbuktun. A cikin taskokin Timbuktu kuma akwai rubuce-rubucen Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙaninsa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello. Takarda ta daɗe tana kai da kawo tsakaninmu da su.

Ɓoyon littafi ma ba baƙon abu ba ne a garin. Bayan sojojin Maroko sun ci Songhai da yaƙi a 1591, sun kama malamai, ciki har da Ahmad Baba, suka tafi da su Marrakesh, aka wawashe ɗakin karatunsa mai littattafai 1,600. Da Faransawa suka zo a ƙarshen ƙarni na 19, iyalai da yawa suka binne nasu a rami, wasu suka toshe su a cikin bango, wasu suka kai su ƙauyukan hamada. Shi ya sa har cikin 'yan shekarun nan Batimbukte ba ya saurin nuna wa baƙo abin da ke cikin akwatinsa.

Ɗan shekara 17 da gadon takardu

Mutumin da sunansa ya fi fitowa a wannan labari shi ne Abdulƙadir Haidara. An haife shi a 1964. Mahaifinsa, Mamma Haidara, malami ne mai tarin littattafai, ya rasu a 1981, kuma Abdulƙadir aka ɗora wa amanar kula da su. Shekarunsa 17 a lokacin, wato sa'an wasunku da ke shirin zana WAEC da NECO a bana. Ku yi tunani, ana rabon gado, a ce kai naka rabon shi ne gadin takardun da ba a yarda ka sayar ba.

A 1984 ya kama aiki da cibiyar Ahmad Baba, wadda gwamnatin Mali ta buɗe a 1973. Aikinsa shi ne ya bi gari-gari, ƙauye-ƙauye, wani lokaci a kan raƙumi, wani lokaci a kwalekwale, yana lallashin iyalai su ba da littattafansu a adana. Aikin ba sauƙi. Wanda kakansa ya ɓoye wa Nasara littafi, ta yaya zai miƙa shi ga yaron gwamnati? A wasu wuraren kuɗi ba ya aiki, sai dai a yi musaya da dabbobi, a ba ka awaki ko shanu ka ba da takardu. A haka ya tara dubban littattafai, ya kuma gane wani abu da ya amfane shi daga baya: mutane sun fi son a taimaka musu su adana kayansu a hannunsu da a raba su da shi.

Wannan ne ya sa a 1996 shi da wasu masu ɗakunan karatu na gado suka kafa ƙungiyar da ake kira SAVAMA-DCI. Sunan Faransanci ne a taƙaice, ma'anarsa ƙungiyar kiyaye rubutattun littattafai da fito da darajarsu domin kare al'adun Musulunci. Tsarinta mai sauƙi ne. Kowane gida yana riƙe da mallakar littattafansa, ƙungiya kuma ta nemo tallafi, ta koya wa matasa gyaran takarda da yin kwalayen ajiya da rubuta jerin sunayen littattafai. A shekarar 2000 aka buɗe ɗakin karatu na Mamma Haidara ga jama'a, wasu gidajen ma suka buɗe nasu, kamar na Fondo Kati da na Wangari. Ƙasar Afirka ta Kudu kuma ta gina wa cibiyar Ahmad Baba sabon mazauni, aka buɗe shi a 2009.

Abin lura a nan shi ne, shekara 16 ƙungiyar ta yi tana wannan aiki marar armashi, na kakkaɓe ƙura da kashe gara da cike takardun neman tallafi, kafin ranar da duniya ta san da ita. Da babu waɗancan shekarun, da ranar da masifa ta zo ba wanda ya san gidan wa ke da me, balle a yarda da juna.

Dare, tocila da amalanke

A watan Maris na 2012 sojoji suka yi juyin mulki a Bamako. Cikin ruɗanin da ya biyo baya, ranar 1 ga Afrilu, 'yan tawaye suka shiga Timbuktu, ba da jimawa ba kuma ƙungiyar Ansar Dine da ƙawayenta na Alƙa'ida suka karɓe iko da garin. Aka wawashe ofisoshin gwamnati. Masu ɗakunan karatu suka lura cewa gine-ginensu, da manyan allunan da ke ɗauke da sunayen ƙungiyoyin ƙasashen waje da suka ba da tallafi, sun zama abin da ido zai fi saurin kai wa.

Sai suka koma ga dabarar kakanni. Suka shiga sayen adakoki, irin dai waɗanda kuka sani a ɗakin kakanninku mata, kaɗan-kaɗan don kada a farga. Da adakokin kasuwar Timbuktu suka ƙare, aka nemo na Mopti, da su ma suka yi ƙaranci aka sa maƙera suna buɗe durom na mai suna ƙera sababbi. Haidara yana da wani kuɗin tallafi da aka ba shi domin ya je Ingila koyon Turanci, sai ya karkatar da shi ga sayen adaka. Idan dare ya yi, matasa su shiga ɗakunan karatu da tocila, su jera littattafai cikin adaka, a ɗora a amalanken jaki, a rarraba su gidajen mutanen da aka amince da su. Wani matashi ɗan danginsa mai suna Muhammad Toure na cikin waɗanda suka ja ragamar wannan aiki. Ku tuna, a lokacin duk wanda aka kama da akwati cikin dare ana iya cewa ɓarawo ne, kuma a waɗannan watanni an yanke wa mutane hannu a arewacin Mali bisa zargin sata.

Ranar 30 ga Yunin 2012, kwana biyu bayan hukumar UNESCO ta sa Timbuktu a jerin wuraren tarihi da ke cikin haɗari, mayaƙan suka ɗauki diga da gatari suka fara rushe hubbaren waliyyai. Suka ɓalle wata tsohuwar ƙofa ta masallacin Sidi Yahya. Daga nan aka tabbatar cewa ɓoyo a cikin gari bai isa ba, sai an fitar da kayan gaba ɗaya.

Nan ne aikin ya zama na masu ƙarfin hali. Ana sa adaka biyu ko uku a mota, a lulluɓe da kayan miya ko wasu kayan masarufi, matashi ya zauna a kai kamar fasinja. A arewa ga shingayen mayaƙa, a kudu ga na sojojin gwamnati masu zargin duk wanda ya fito daga arewa, a tsakani ga 'yan fashi. Wasu yaran sun yi wannan tafiya sau da yawa. Da Faransa ta shigo yaƙin ranar 11 ga Janairun 2013, hanyar mota ta rufe, sai aka koma kogi. Jiragen ruwa suka riƙa ɗaukar adakokin zuwa yankin Mopti da Djenne, daga can motocin haya su ƙarasa da su Bamako. Takarda mai shekara 400 a kan ruwa, jiragen yaƙi na shawagi a sama! Ma'aikatan cibiyar Ahmad Baba su ma sun yi nasu ƙoƙarin, sun fitar da dubban littattafai daga tsohon gininsu a cikin buhuna. Kuɗin mota da na jirgi kuwa ƙungiyoyi daga ƙasashe irin su Holan da Jamus ne suka taimaka da shi, a asirce.

Littafi nawa aka ceta? Adadin da aka fi ambata shi ne sama da 350,000. Sai dai akwai masana da ke ganin an kumbura lissafin, domin idan ka ƙirga kowace warƙa guda a matsayin littafi, adadi zai yi tashin gwauron zabo. Wani ɗan jaridar Ingila, Charlie English, ya rubuta littafi a 2017 inda ya nuna cewa an ƙara wa wasu sassan labarin gishiri, wataƙila don jawo hankalin masu ba da tallafi. Ina ganin ya dace ku san wannan, domin ɗalibin tarihi ba ya haɗiye labari don kawai ya yi masa daɗi. Amma ko an rage gishirin, adakokin suna nan, an gan su a Bamako, an buɗe su, an ɗauki hoton abin da ke ciki.

Bayan an tsira daga wuta

A Bamako wani sabon maƙiyi ya tarbe su, wato danshi. Takardar da ta saba da busasshiyar iskar hamada, idan ta sha damina a cikin adakar ƙarfe sai ta yi fumfuna, tawada ta jiƙe, warƙoƙi su manne da juna. Dole aka nemi benaye, aka sa na'urorin tsotse danshi, aka shiga yi wa kowane littafi kwalinsa da takarda ta musamman wadda ba ta cin rubutu. Wata cibiya ta jami'ar Saint John's da ke jihar Minnesota a Amurka, wadda malaman addinin Kirista suka kafa, ta haɗa hannu da ƙungiyar wajen ɗaukar hoton littattafan shafi-shafi, kuma matasan Mali ne suka yi aikin da hannunsu. Jami'ar Hamburg ta Jamus ma ta taimaka. A 2022 kamfanin Google ya buɗe wani shafi mai suna Mali Magic, inda za ku iya ganin dubban shafukan da wayarku.

A can Timbuktu kuwa, maginan gargajiya na garin, waɗanda suka gaji sana'ar iyaye da kakanni, su suka sake gina hubbare 14 da yumɓu da dutsen yankin, aka kammala a 2015. A 2016 Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya da ke Hague ta yanke wa Ahmad al-Faƙi al-Mahdi ɗaurin shekara tara saboda jagorantar rushe-rushen. Ya amsa laifinsa, ya nemi gafarar mutanen garin. Wannan ne karo na farko da kotun ta hukunta mutum a kan lalata kayan tarihi a matsayin laifin yaƙi.

To mu fa?

Muna da wuraren ajiya, ba a ce babu ba. Akwai Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, da Arewa House a Kaduna, da Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa a Kano, da sashen rubutattun littattafai na Larabci da ajami a Yamai, wanda Boubou Hama ya aza harsashinsa. Amma kamar yadda yake a Timbuktu, kaso mai yawa na takardunmu yana cikin gidaje ne, a gafaka, a ƙarƙashin gado, a saman rufin soro. Mu ba yaƙi ne ya fi cinye mana su ba. Gara ce, da ɗigar ruwan sama, da gobara, da ranar rabon gado, lokacin da wani zai ce a kwashe wannan tarkacen a share ɗaki. Sau nawa malami ya rasu, bayan shekara biyar ka tambayi kundinsa a ce ba a san inda ya shiga ba?

Ba sai kun yi rajistar ƙungiya ba kafin ku fara. Ku huɗu ko biyar a aji ɗaya, da malamin tarihi ko na Hausa da zai tsaya muku, kun isa. Abu na farko shi ne neman izini. Kada ka buɗe gafakar kakanka a bayan idonsa. Je ka ka durƙusa ka gaishe shi, ka ce, "Baba, ina son ka nuna mini littattafan nan, ka gaya mini na wane ne." Za ka yi mamakin yadda tsoho zai saki jiki idan ya ga jikansa ya damu da abin da kowa ya yi wa kallon shara. Amsar da zai ba ka ma tarihi ce, don haka ka kunna rikoda a waya idan ya yarda. Haka nan Iya ko Goggo, ko ba ta da takarda ko ɗaya, a kanta akwai sunayen unguwanni na da, da waƙoƙin daɓe da na niƙa, da labarin shekarar yunwa da yadda danginku suka zo garin.

Idan an ba ku dama kun taɓa takardun, ku wanke hannu ku bushe shi sarai. Kada ku sauya jerin warƙoƙin, domin yawancinsu ba su da lambar shafi. Marubutan da suna rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a ƙasan wanda ake karantawa, da ita ake gane abin da ke bin wani. Ku ɗauki hoto a inuwa mai haske, ba tare da walƙiyar kyamara ba, shafi bayan shafi, har da bango da gefen da aka yi ƙananan rubutu, don sau da yawa a nan mai littafi yake rubuta ranar haihuwar ɗansa ko shekarar da aka yi fari. Ku duba shafin ƙarshe da kyau, nan ne mai kwafa yakan sa sunansa da na wanda ya rubuta wa. Hotunan kuma kada su zauna a waya ɗaya, waya tana faɗawa ruwa, ana kuma sace ta.

Abubuwa biyu da mutane ke yi da kyakkyawar niyya suna kashe takarda: liƙa salatif a inda ta yage, da kai ta shago a rufe ta da leda mai zafi. Gam ɗin salatif yana rinar da takarda ya ci rubutun, ledar kuwa idan ta kama ba ta fita. Ku bar yagewar yadda take, ku sa littafin tsakanin fararen takardu masu tsabta, a naɗe da farin ƙyalle na auduga, a ajiye a kan kanta nesa da ƙasa da bango. Idan wani baƙo ya zo yana tayin kuɗi, ku sanar da manya, domin dokar Najeriya ta hana fitar da kayan tarihi waje ba da izinin hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ba.

A kan wata takarda daban ku rubuta sunan mai littafin, da wanda ya gada daga hannunsa, da garin da aka kawo shi, da ranar da kuka ɗauki hoton, ku sa ta a cikin naɗin. Da fensir za ku rubuta, ba biro ba, saboda tawadar biro tana zuba idan ta ji danshi.